Gwal Ɗin Kausar da Bashin Gida

Kausar na kicin tana kaɗa miyar kuka Sirajo ya shigo, ko sallamar kirki bai yi ba ya zube a kujera.

"Abban Walida, lafiya? Me suka ce a bankin?"

"Sun ƙi, Kausar."

Tun da jami'ar da yake koyarwa a unguwar Bukit Jalil, a ƙasar wajen da suke zaune, ta rage masa darussa albashi ya karye, kuɗin gidan da suke biyan banki duk wata ya soma gagara.

Ya ce, "Matar da ke aiki a bankin ta yi min lissafi. A duk ringgit goma da ke shigo min, bakwai bashi ke cinyewa, ga na gida ga na mota. Sai ya sauko biyar za su yarda su tsawaita shekarun biya su rage min na wata. In ba haka ba, gwanjo za su yi da gidan."

Kausar ta kashe gas ta zo ta zauna kusa da shi.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai kunnen yayanta Hisham, mai shagon turare a Bukit Bintang, wanda dama tun farko bai so auren ba. Ranar Asabar sai ga shi, ko zama ya ƙi yi.

"Haɗa kayanki ke da Walida! Na yi magana da Mama, ticket ɗin Kano ni zan saya. Mutumin da ya kasa riƙe gida, mace zai riƙe?"

Sirajo ya sunkuyar da kai. Kausar ta miƙe, idonta taf da hawaye, amma muryarta ko rawa ba ta yi.

"Yaya, da girmanka, amma ba inda za ni. Lokacin da yake da shi, wa ya biya kuɗin asibitin Mama? Ba wanda ya ce in haɗa kaya a lokacin!"

"Ni kike faɗa wa magana?"

"Gaskiya na faɗa. Wallahi ko a ɗaki ɗaya muka koma a unguwar Kampung Baru, tare za mu koma!"

Hisham ya buga ƙofa ya fita.

Washegari ta ɗauko sarƙa da awarwaron gwal da Mama ta ba ta ranar aure, ta ajiye a gaban mijinta.

"Mu sayar da motar. Abin da ya rage na bashinta, wannan zai cike."

"A'a! Ban yarda ba. Me zan ce wa Mama?"

"Ni zan faɗa mata. Gwal ɗin nawa ne ai, ba aro na yi ba."

Ta kuwa faɗa. Mama ta yi kuka a waya, ta yi sati biyu ba ta ɗaga kiranta. Kausar ta sha nata kukan a ɓoye, ba ta fasa ba. Sirajo ya koma hawa jirgin ƙasa na LRT, da yamma yana koyar da 'yan makaranta lissafi a gidajensu.

Bayan wata uku suka koma banki tare. Matar ta daɗe tana duba kwamfuta, sannan ta ɗago da murmushi.

"Boleh," ta ce da yarensu, wato an amince.

A bakin bankin hawaye ya zubo wa Sirajo. "Kausar, da me zan biya ki?"

"Ka saya min shayin teh tarik a gidan abincin mamak, yunwa nake ji."

Da sallah Mama ta kira da kanta ta sa musu albarka. Hisham ma ya zo da turare a leda, ya ci tuwo har ya nemi ƙari, ya kasa haɗa ido da ƙanwarsa.

Haka Allah Yake saka wa mai haƙuri. Dangi su riƙa tunawa, in auren 'yarsu ya shiga matsi, taimako yake nema, ba a zo a raba shi ba.