Azurfa Mai Gemu

A wani zamani an yi wani maƙeri mai tara tsofaffin kuɗin azurfa na Turai. Ran nan wata tsohuwa ta kawo masa ɗaya, ta ce, "Narkar da ita, ka yi wa jikata zobe."

Ya juya ta, ya sake juya ta. Hoton wani sarkin dauri mai gemu ne a jikinta, wanda ya daɗe yana nema! Zuciya, ka san ta da rashin kunya, ta ce, "Musanya mana, wa ya gani?"

Amma sai ya ce, "Iya, wannan ta fi zobe goma."

"To riƙe, ɗan nan. Zobe na zo nema, ba gemun wani ƙato ba."

Ya riƙe, ya ƙera zobe goma cif da tasa azurfar. Jika ta wuni tana gaishe da mutane hannu bibbiyu.