Kashin Balbela a Gidan Ma'azu

Rana ta yi ja a bayan fadamar shinkafa lokacin da Rabi'atu ta fito kwashe shanya. Ta tarar da mijinta Ma'azu tsaye gaban wata baƙar mota, riƙe da ƙugu, ko motsi ba ya yi.

Wankin mota ne sana'arsa. Direbobin da ke taso motoci daga Kwatano, in sun ƙetaro iyaka sun iso Bagudo, ƙwarin damina sun mutu sun manne a gaban motar, gidan Ma'azu suke nufa. Ba ya kankara, ba ya gaggawa. Yakan jiƙa tsumma mai laushi a ruwan sabulu, ya shimfiɗa a kan tabon, ya jira, sannan ya ɗage shi a hankali. Kashin tsuntsu ma haka, don akwai yashi a cikinsa, in aka goga sai ya karce fenti. Wannan motar ta Alhaji Muktar na Zagga ce, an shafe ta da man kariya mai ƙyalli, kuma ko a kan irin wannan, in kashi ya sha rana sai ya bar tabo kamar ƙuna.

Tun azahar ya gama da ita. Yanzu ga farin kashi wuri bakwai a kan murfin inji, ɗanye, a jere kamar an auna.

Rabi'atu ta ɗaga kai ta dubi maɗacin da ke tsakar gidan. Babu tsuntsu ko ɗaya. Shekara da shekaru balbelu ke kwana a kansa, su yi sheƙa da damina. Amma makon jiya, da ta dawo daga suna a Kende, ta iske itacen shiru. Ma'azu ya ce mata tashi suka yi da kansu.

"Atiku ne," in ji shi, bai dube ta ba. "Ta katanga yake jehowa, tun da direbobi suka bar zuwa wurinshi."

Atiku maƙwabcinsu ne, shi ma wankin mota yake yi.

"Ka gane shi da idonka, maigida?"

"Sai na gane shi?"

Ta ci gaba da ninke zannuwa.

Washegari ya wanke motar, ya lulluɓe ta da tamfol, ya ɗaure ta ko'ina. Da aka kira magariba ya buɗe. Kashin na nan a ƙarƙashin tamfol ɗin, wuri bakwai. A daidai lokacin tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon ɗaki, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Rabi'atu ta tsinci guda. Fara ce, mulmulalliya, da ɗumi a jikinta kamar ƙwan da aka ɗauko daga ƙarƙashin kaza.

Ma'azu ya fita ƙofar gida yana kiran sunan Atiku da zagi. Matar Atiku ta amsa ta bayan katanga cewa mijinta yana gona a Lafagu tun shekaranjiya.

Daga nan Rabi'atu ta daina kallon katanga, ta koma kallon mijinta. Ta lura ba ya bi ta ƙarƙashin maɗacin, zagayawa yake yi. Ta lura ba ya ɗaga kai. A bayan rumbu kuma ta ga doguwar gorar tuƙin jirgi irin ta masunta, wadda ba tasu ba ce, da fararen gashi manne a bakinta. Ta tambaye shi, ya ce wani ne ya ba shi ajiya.

A yammaci na uku ta aiki 'yarsu Zubaida, mai shekara goma sha shida, wanke-wanke a gindin itacen. Ta ji ƙarar kwanuka ta ɗauke. Da ta leƙa, sai ga yarinyar tsaye a kan ƙafa ɗaya, ta gitta muciya a kafaɗa yadda makiyaya ke gitta sanda, idonta a kan rassan da babu kowa. Tana ƙirga da wata murya ta tsoho.

"Go'o. Ɗiɗi. Tati."

Zubaida ba ta jin Fillanci.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta gane kowa ba. In rana ta karkata sai ta miƙe ta ƙirga, ta kai bakwai, ta fashe da kuka. Ma'azu na zaune a bakin ƙofa yana kallo, yana matse tsumma a hannu. Sau biyu Rabi'atu ta ce, "In akwai abin da ka sani, ka hwaɗi." Sau biyu ya ce hassada ce ta mutane. A rana ta huɗu ta yafa mayafi, ta tafi da ƙafarta ta kira Malam Riskuwa, dattijon da ke yi wa mutanen unguwar ruƙiyya.

Ya zo bayan la'asar. Ya dubi motar, ya dubi itacen, ya daɗe yana duban Ma'azu. Sannan ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, ya fara karatu a hankali. Inuwa ta yi tsawo a tsakar gida. Can jikinta ya sandare.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Manu. Makiyayi. Fararen nan da ke kwana bisa itacen ga garkena ne, tun gidan ga yana daji. Da rana in sake su su bi shanun mutane, da marece in ƙirga. Ƙanana bakwai ban gani ba."

"Mi ya haɗa ɗiyar mutane da garkenka?"

"Ita ce ƙaramar maigidan ga. Zan tahi da ita ta yi min kiwo."

Rabi'atu ta ƙanƙame ƙafar 'yarta.

"Ba za ka tahi da ita ba," in ji Malam.

"To a yanka min baƙin bijimi."

"Ba a yanka don kowa sai Allah." Ya ɗaga murya da karatu, har muryar tsohon ta koma nishi.

"Tsaya! To a bar min itacen, a kwashe ƙarafan ga daga ƙarƙashinshi. Kuma wanda ya yi, ya hwaɗa da bakinshi. Ni na gani. Su nake so su ji."

Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Numfashin Zubaida na fita da kyar. Rabi'atu ta juya ta kafe mijinta da ido.

"Ni ne," in ji Ma'azu, muryarsa a ƙasa. "Suna ɓata min aiki. In wanke, su ɓata. Ranar da kuka tahi Kende na aro gora, na kakkaɓo sheƙunan. Akwai 'ya'ya a ciki. Na binne su bayan rumbu."

"Ka ji," Malam ya ce wa muryar. "Yau za a fitar da motar. Ka rantse ba za ka dawo ba."

Manu ya rantse. Zubaida ta yi atishawa sau uku, ƙaramin yatsan ƙafarta ya yi rawa, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta dubi uwarta.

"Inna, ƙishirwa."

Ma'azu ya zabura ya ɗebo ruwa a randa, ya durƙusa zai kai kofin bakin yarinyar. Rabi'atu ta tare shi, ta karɓe kofin.

"Kwana uku kana kallonta, kuma ka sani," ta ce. "Tahi ka tayar da motarka. Ni zan ba ta."