Takalmin Yaya a Bakin Wuta

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa ke ce mata Auta.

Auta tana da wa guda ɗaya. Tun tana ƙarama ya tafi aiki can nesa, ya daɗe bai zo gida ba. Da ya dawo, jaka ɗaya ya zo da ita, sai takalmin fata ruwan ƙasa mai igiya.

Takalmin nan fa ya haɗu! In Yaya ya goge shi, sai ya yi ta ƙyalli kamar madubi. Shi ke nan takalminsa na fita, ba shi da wani sai silifa.

Yaya ba ya iya zama wuri ɗaya. Kullum da safe zai fita neman aiki. In ya dawo, sai ya yi ta kai da kawo a tsakar gida.

"Kai, zauna mana," in ji Mama. "So kake ka haƙa mana rami a gida?"

Wata rana da rana aka yi ruwa mai ƙarfi. Yaya ya shigo jiƙe sharkaf, amma bakinsa har kunne.

"Mama, an kira ni! Gobe da safe zan je intabiyu a kamfanin kayan gini. Mai kula da sito suke nema."

Mama ta yi murna ƙwarai. Ta karɓi farar rigarsa, ta shiga ɗaki za ta goge masa. Yaya ya cire takalmin a bakin ƙofa, duk ya sha ruwa da taɓo. Ya canza kaya, ya zura silifa.

"Bari in je aski tun da ruwan ya tsagaita," ya ce, ya fice.

Auta ta tsaya tana kallon takalmin. Tausayinsa ya kama ta. Mama tana guga, mai aski zai yi aski. Ita ma ai ya kamata ta yi wani abu.

"Ni ma na iya," ta ce a ranta. "Ba ni nake wanke takalmina na makaranta ba?"

Ta manta cewa nata na roba ne.

Ba ta tambayi kowa ba. Ta ɗebo ruwa a bokiti, ta zuba garin sabulu, ta tsoma takalmin tsundum. Ta dirje shi sosai har taɓon ya fita tas.

To, ina za ta shanya? Babu rana, gari ya yi luf. Sai ta leƙa kicin. Ga gawayi ya yi jajir a kurfoti, Mama ta ɗora ruwan zafi.

Auta ta jera takalmin a gefen wuta. Ƙafar hagu ce ta fi matsawa kusa. Sai ta koma baranda tana aikin makaranta, tana 'yar waƙarta. Har ta fara jin yabon da Yaya zai yi mata.

Can sai Mama ta ɗaga murya daga ɗaki.

"Wai me ke ƙauri ne a gidan nan?"

Auta ta miƙe zumbur. Suka ruga kicin tare. Mama ta janye takalmin da sauri.

Ƙafar dama da sauƙi, har yanzu da danshi a jikinta. Amma ta hagu ta bushe ƙamas. Bakinta ya lanƙwashe sama kamar busasshen kifi. Ga wata 'yar tsaga a gefe.

"Wayyo, Auta! Me kika yi?" in ji Mama.

Kafin ta amsa, sai ga Yaya ya shigo, kai ya sha aski, yana fito. Sai idonsa ya faɗa kan takalmin. Ya ɗauki ƙafar hagu, ya juya ta, ya gwada sa ƙafarsa. Ta ƙi shiga.

"Wa ya kai shi bakin wuta?" ya tambaya a hankali.

Auta ta ce, "Ni ce, Yaya. So nake ya bushe kafin gobe. Ka yi haƙuri."

Yaya ya zauna a bakin baranda, ya dafe kai.

"Da silifa zan je intabiyun ke nan?" ya ce.

Nan Auta ta fashe da kuka. Ta san irin yawon da ya sha kafin a kira shi.

Yaya ya ɗago kai ya dube ta. Sannan ya ja dogon numfashi.

"To, sarauniyar wanki, ya isa haka. Share hawayenki. Ke kika ɓata, da ke za mu gyara. Miƙo hannunki in gani."

Ta miƙa.

"Wannan mene ne a jikinsa?"

"Fata."

"In kin yi wanki da yawa hannunki ya bushe, me kike yi?"

"Ina shafa mai."

"Ba kya kai shi kan gawayi?"

"A'a, Yaya!" Auta ta ce, dariya na neman kuɓuce mata cikin hawaye.

"To, shi ma takalmin fata ce. Ba ya son a tsoma shi a ruwa. Ba ya son sabulu mai ƙarfi. Wuta kuwa ita ce babbar maƙiyiyarsa. Da tsumma mai ɗan danshi ake goge taɓo. Jeki ki ɗebo tsofaffin jaridu."

Auta ta ɗebo. Suka zare igiyoyin. Ta dunƙule takarda ta cusa a ƙafar dama har ta cika.

"Takardar za ta shanye ruwan," in ji Yaya. "In ta jiƙe ki canza wata. Ki ajiye shi a inuwa, inda iska ke ratsawa."

Sannan ya ɗauko wani ɗan gwangwani daga jakarsa. Man fata ne mai laushi. Ya nuna mata yadda za ta lakato kaɗan, ta murza a ƙafar hagu da yatsa.

Auta ta yi ta murzawa. Ta shafa, ta jira fatar ta sha, ta sake shafawa. Yatsunta suka gaji. Bayanta ya ƙage. Yara suna ta wasa a waje, ko leƙawa ba ta yi ba.

A hankali fatar ta fara saki. Kafin rana ta faɗi, bakin takalmin ya kwanta. Suka cusa masa takarda shi ma, suka bar shi ya huta.

Da sassafe Auta ta riga kowa tashi. Takalmin ya bushe. Yaya ya ba ta man goge takalmi da burushi. Ta shafa, ta goge, ta bi da busasshen tsumma. Sai ga ƙyalli ya dawo.

Yaya ya zura ƙafar hagu. Ta shiga!

"Amma tsagar tana nan," in ji Auta cikin sanyin murya.

"Tana nan," ya ce. "Fatar da ta tsage ba ta komawa. Amma zai kai ni."

Ranar nan Auta ta ƙagu a tashi daga makaranta. Ta dawo gida ta zauna a baranda, idonta a ƙofa. Ruwa ya sake saukowa.

Sai ga Yaya ya faɗo gida da gudu, yana ɗaga hannu sama.

"Mama! Auta! Na samu! An ɗauke ni!"

Mama ta rungume shi da jiƙaƙƙun kayansa. Auta ta yi ta tsalle.

"Yaya, sun ga tsagar?"

"Ina! Shigar musu na yi da ƙafar dama."

Duk suka kwashe da dariya. Yaya ya cire takalmin, ga shi ya sake jiƙewa. Ya kalli Auta, sannan ya miƙa mata shi da hannu biyu.

"Karɓi. Daga yau ke ce mai kula da shi."

Auta ta karɓa, kanta ya yi girma don murna. Ta ɗauko tsumma da jarida, ta nufi inuwa.

"Me kika koya, Auta?" Mama ta tambaye ta.

"Takalmin fata a inuwa ake shanya shi, ba a bakin wuta ba," ta ce. "Kuma in zan taimaka da abin da ban sani ba, sai na fara tambaya."