Dutsen Bayan Taya

Ranar da ya fara ganinta, motarta ce ta riga ta yin sallama.

Bakanike yana durƙushe a ƙofar garejinsa yana wanke sifana a cikin tsohuwar roba, sai ya ga wata tsohuwar jif mai ruwan ƙasa ta tsaya a gangaren da ke sama da shi. Wata budurwa ta sauko, ta rufe ƙofa, ta gyara mayafinta. Ba ta yi taku mai yawa ba jif ɗin ta fara biyo ta a hankali da baya, babu kowa a ciki, ta wuce ta gefenta, ta zo ta take robar wankinsa.

"Wayyo, na manta dutsen!" in ji ta.

"Wane dutse kuma?"

Ta buɗe bayan motar ta ɗauko wani dutse mai faɗi, wanda ya yi santsi saboda yawan riƙo, ta cusa shi a bayan taya. "Birkin hannunta ba ya riƙewa. Tun ina ƙarama aikina ke nan, Baba ya tsaya, ni in diro in sa dutse. Yanzu ni nake kai shi gona, ga hanyar duk tudu da laka. Kai ne mai gyaran?"

Ya ce shi ne, amma sai da ya ɗan yi tunani tukuna, don kallon da ta yi masa ya sa ya manta sana'arsa.

Auta ake ce mata a gida. Shi kuwa tun daga ranar ya sa mata Mai Jif, ita kuma take ce masa Injiniya, rabi girmamawa rabi tsokana.

Ya ɗaga motar da jak, ya cire tayoyin baya. Laka ta cika wurin birkin ta bushe kamar bulo. Ya kankare, ya wanke, ya canza ƙarafan da ke damƙe tayar, ya sa sabuwar waya a madadin tsohuwar da ta saki, ya ɗaure noti. Ya hau da motar kan gangaren ya ja birki, ta tsaya cak. Ya ba ta makulli yana jin daɗin aikinsa, yana kuma jin haushin ya gama da wuri.

Ba a jima ba saƙo ya shigo wayarsa.

"Injiniya, barka da aiki. Har yanzu fa ba ya riƙewa. In kawo gobe?"

Ta kawo. Ya gwada a gabanta, motar ta tsaya kamar an dasa ta.

"A nan ne take jin kunyarka," in ji Auta. "Sai a gida take nuna halinta."

Haka aka yi ta yi. Ta kawo, ya duba, ta zauna a kan bencin gareji suna hira har inuwa ta juya. Ta san sunan kowane ƙarfe a shagonsa, shi kuma ya san ba ta son shayi da zafi sosai. Da ta tafi sai ya zauna ya riƙe kai. Ya tambayi tsohon maigidansa, ya sake kwance abin da ya ɗaura jiya, har ya fara zargin hannunsa. A gabansa birki lafiya lau, a bayan idonsa kuma wai babu shi.

Wata rana ta rubuto masa: "Injiniya, akwai abin da ya riƙe tun ranar farko, bai saki ba har yau."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya amsa: "Birkin ƙafa kike nufi. Shi dama lafiyarsa ƙalau."

Ta daina zuwa, ta daina rubutu, kwana da kwanaki. Bawan Allah ya rasa laifin da ya yi wa birkin ƙafa. Sai da ya ga bencin nan babu kowa, shayi ya huce a kofi biyu da ya zuba bisa sabo, sannan abin ya faɗo masa. Ya ɗauki waya ya rubuta mata.

"Mai Jif, yanzu na gane. Ni ma nawa ya riƙe. Ina son ki, kuma ina so in zo in gaida Baba."

"Allah ya shirye ka, Injiniyana. Ka zo."

Baba dattijo ne mai son jif ɗinsa kamar ɗiyar fari. Ya karɓi gaisuwar Bakanike a ƙofar gida, gidan da ke can ƙololuwar wani titi mai gangara. Sannan ya nuna masa bayan tayar motar da sandarsa. Dutsen yana nan a inda ya saba.

"Ɗan nan, ba na ƙin ka. Amma tun yaushe yarinyar nan take zarya garejinka a kan abu guda? Ƙarfe ne fa, ba ya magana, ba ya fushi, ka kasa riƙe shi. Mutum zan ba ka ka riƙe?"

Bakanike ya sunkuyar da kai. Shi ma tambayar da yake wa kansa ke nan.

Ga shi kuma akwai Dillali, mai sayar da motoci a babban titi, wanda shi ma yake neman Auta, ya daɗe yana zuwa gaida Baba da turare mai ƙarfi. Motarsa sabuwa ce fil, birkin hannunta ma ɗan maɓalli ne da ake taɓawa da yatsa. Baba ya ce ranar hutu mai zuwa zai yanke magana.

"Ka yi haƙuri da abin da Baba ya faɗa," Auta ta rubuto. "Laifina ne."

"Ina ruwanki, Mai Jif? Ke kika ɗaura wayar?"

"Ba za ka gane ba."

Bai kuwa gane ba. Abin da ya sani kawai shi ne zai rasa ta saboda birkin da bai ga abin da ke damunsa ba, kuma tsoro ya kama shi sosai.

Ranar hutu ya zo da akwatin kayan aikinsa. Dillali ya riga shi, ya ajiye sabuwar motarsa a bayan jif ɗin, a ƙasan gangaren, tana sheƙi. Bakanike ya roƙi Baba ya bar shi ya duba sau ɗaya. Ya shiga ƙarƙashi da fararen kayansa, ya taɓa waya, ya taɓa noti, ya fito da baƙin mai a kafaɗa.

"Baba, wallahi ban ga komai ba."

"Ai shi ne matsalar," in ji Dillali yana dariya. "Baba, ku bar wahala. Wannan motar 'yan gwangwan kawai za a kai wa."

Baba ya ɗaure fuska, amma kafin ya yi magana Auta ta fito daga gida. Ba ta kalli kowa ba. Ta zagaya bayan jif ɗin, ta durƙusa, ta zare dutsen da hannu biyu.

"Ke! Motata!" Dillali ya yi ihu. Ya kwasa da gudu, takalmi ɗaya ya fita, ya faɗa motarsa ya ja ta baya har ƙarshen layi.

Jif ko motsi ba ta yi ba. Baba ya tashi ya tura ta da sanda, ya jingina da ita da dukan nauyinsa. Tana nan daram.

"Auta, tun yaushe?"

Ta rungume dutsen, idonta a ƙasa. "Tun gyaran farko, Baba."

"To me kike zuwa yi garejin?"

Bakanike ya kalli motar, ya kalli Baba, ya kalle ta. "Kina nufin... duk kwancewar da na yi ta yi..."

"In na ce ya gyaru, da wane dalili zan koma? Kai kuma an yi maka magana ka ce birkin ƙafa."

Baba ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dakali yana share hawaye. "Ashe ɗan mutane ya iya aikinsa, ke ce kika kusa haukata shi. Ka turo iyayenka, ɗan nan. Amma ka ji da kyau, wannan ta fi jif wuyar gane inda ciwonta yake."

Aka ɗaura aure cikin 'yan uwa da abokan sana'a. Da za a tafi da ita, Baba ya fito da dutsen a hannunsa, an wanke shi tas.

"Tun tana ƙarama take riƙe mini mota da wannan. Yanzu motar ta samu mai riƙe ta, ita ma ta samu. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari."

Kowa ya ce amin. Ango ya karɓi dutsen da hannu biyu, yana juya shi.

"Mai Jif, shi kuma wannan a wace taya zan sa?"

Ta yi murmushi a ƙarƙashin mayafi. "A bayan ƙofar ɗakinmu, Injiniyana. Ita da gaske ba ta riƙewa."