Abin da Ƙasa Ta Ji

Da hantsi aka kira insifekta sansanin masu neman mai. Jiya da rana an sace faifan da ke ɗauke da aikin wata uku daga ofis. Gobe za a zaɓi inda za a haƙa rijiya. In faifan bai fito ba, shugabar binciken za ta rasa aikinta, domin ita ta bar ƙofar a buɗe.

"Me ke cikinsa, ranki ya daɗe?" in ji insifekta.

"Amsa-kuwwar ƙasa. Babbar mota tana girgiza ƙasa, na'urori ɗari huɗu da muka binne a jere suna saurare. Dutsen nan marowaci ne, ya matse mai da gas a ramukan da ba su kai tsinin allura ba. Sai mun ji inda ya tsage muke sanin inda za a huda."

"Suna jin takun mutum?"

"Har na akuya. Shi ya sa in aka busa ƙaho kowa ke tsayawa cik."

Mai gadi ya rantse ɓarawon waje ne. Shugaban lebura ya ce, "Ni ina can ƙarshen layi, yallaɓai, wajen na'ura ta ɗari huɗu, ina kafa turaku da guduma har la'asar."

Sautin jiya yana nan cikin kwamfutar mota. Insifekta ya ja kujera, ya zuba wa layukan sautin da ke kan allo ido. Na'urar da ke bakin ofis ta nuna taku, sai shiru, sai taku. Sau uku.

"Me ke tsayar da shi?"

Shugabar ta duba lokacin. "Ƙaho," ta ce a hankali.

"Ɓarawon waje ba ya tsaya wa ƙaho. Nuna min ta ɗari huɗu."

Layin miƙe yake kamar zare. Babu bugun guduma ko ɗaya.

Shugaban lebura ya ɗauke ido daga allon.

"Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki, yallaɓai. Ƙafata ce ta tsaya, ba ni ba." Ya sauke murya. "Na ji ana cewa tsagar ta bi ta ƙarƙashin gonar gyatumata, in aka haƙa a can ta rasa gonar. Faifan yana akwatin kayan aikina."

Ana tafiya da shi wajen motar 'yan sanda aka busa ƙaho. Ya tsaya cik, da ankwa a hannu. Insifekta ma ya tsaya, har babbar motar ta gama girgiza ƙasa.