Ɗigo Uku a Ruwan Kwami

Ranar kasuwar Tsanyawa Safiyatu ta fara ganinsa, a shekarar da buhun taki ya fi ƙarfin talaka. Tana tsaye gaban mai sayar da abincin kifi, riƙe da leda mai matattun 'ya'yan tarwaɗa bakwai, tana tambaya ko abincinsa ne ya lalace.

Wani dogon saurayi da ke zaune a benci ya leƙa ledar ya ce, "Malama, kin gwada ruwan kuwa?"

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ruwan rijiyarmu ne. Shi ake sha tun kafin a haife ni."

"Ku kun sha kun rayu. Su fa?"

Ya ba ta haushi ƙwarai, amma duk da haka ta karɓi lambarsa. Sunansa Kamilu. Ya yi makarantar kimiyya a Dawakin Tofa, aiki bai samu ba, sai ya koma yawo ƙauye-ƙauye a babur yana duba wa masu kiwon kifi ruwa.

Kwamin simintin da take kiwon kifi a bayan gidansu kuwa ba abin wasa ba ne. Mahaifinta, Baba Mati, ya yi shekara talatin yana kiwon raguna, kuma ragunansa biyu na ƙarshe ya sayar ya gina mata shi, tunda gona ta daina ciyar da gida. Duk kifin da ya mutu, a fuskar Baba ake gani.

Da Kamilu ya zo, ya ɗebi ruwan kwamin a 'yar kwalba, ya ɗiga wani magani sau uku. Ruwan ya koma shuɗi.

"Kore ya kamata ya zama," in ji shi. "Shuɗi na nufin ruwan ya yi kaifi, yana cin jikinsu. Wataƙila sabon siminti ne. Mu canza ruwan."

Baba Mati yana tsaye, hannu a baya. "Ruwa fari tas, yaro ya ɗiga abu ya koma shuni. In ba siddabaru ba, mene ne wannan?"

Suka kwashe ruwan, suka jawo sabo daga rijiya har hannunsu ya yi kanta. Gwaji ya nuna kore. A bakin rijiyar nan ne ya fara kiranta Safina, ita kuma ta sa masa Likitan Ruwa, wai don tsokana. Tsokanar ce ta zarce, har ta kai ba ta iya cin tuwo sai ta duba waya.

Bayan kwana uku ruwan ya sake komawa shuɗi, kifi biyar suka taso ciki a sama. Aka canza, ya dawo. Aka sake canzawa, ya sake dawowa.

Nan Basiru ya samu ƙofa. Ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau, ya daɗe yana neman Safiyatu, ita kuwa gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Ya zauna a tabarmar Baba ya rage murya, kamar mai jin nauyin magana.

"Baba, ni ba na son shiga abin da ba ruwana. Amma wanda ciwon kifi ke ba shi dalilin zuwa gidan nan, kana ganin zai so su warke?"

Baba ya manta cewa kifin sun fara mutuwa tun kafin a san da Kamilu. Ya kira 'yarsa ya ce, "In ɗaya ya ƙara mutuwa, yaron nan ba zai sake taka mini gida ba. Na gama magana."

Abin kunya, ita ma zargin ya shige ta. Ta rubuta masa: "Likitan Ruwa, ka faɗa mini gaskiya don Allah. Me ke cikin kwalbar nan taka?"

Amsa ta zo nan take. "Safina, ruwan da na ɗiga wa magani a ƙasa nake zubarwa, a gaban idonki. Kore nake bari, shuɗi nake tararwa. Akwai hannun da ke shiga kwamin nan bayan tafiyata. Tambayarki ta yi mini zafi, amma ban fasa sonki ba."

Daga ranar kowa ya zama abin tuhuma a wurinta. Ta auna tsawon katanga da ido, ta ga Basiru zai iya tsallakawa. Ta bi Inna Hure, mahaifiyarta, da kallo don ta ga inda take zubar da ruwan wanke-wanke, har Inna ta ce, "Ke, lafiya kike bina kamar na ɗauki abinki?"

Washegari da aka idar da sallar asuba, ta laɓe bayan rumbu. Gari ya fara haske sai ga mutum ya nufo kwamin. Baba ne. Ya tsuguna, ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu, ya yi bisimilla, ya marmasa jar kanwa a cikin ruwan, irin wadda yake jiƙa wa ragunansa a da.

"Ku sha ku yi ƙiba," yana cewa a hankali. "Ku daina mutuwa, yarinyar nan ta huta."

Safiyatu ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba. Tana ta neman maƙiyi, ashe wanda ya fi kowa son kifin ne. Da hantsi biyu suka mutu, hukuncin Baba ya hau.

Ta rubuta wa Kamilu duk abin da ta gani, ta ƙara da cewa: "In na faɗa, na kunyata mahaifina. In na yi shiru, na rasa ka."

"Kada ki ce masa komai, Safina. Bari ruwan ya gaya masa."

Da la'asar ya ajiye babur a ƙofar gida, ya durƙusa a bakin zaure bai tsallaka ba. Ita tana bayan ƙyaure tana saurare.

"Baba, ban shigo ba. Alfarma ɗaya nake roƙo. A kawo ruwan rijiya, ka ɗiga maganin da hannunka, ni ba zan taɓa ba."

Aka kawo ruwan, Baba ya ɗiga sau uku, fuska a murtuke. Ruwan ya zama kore.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Kamilu, idonsa a ƙasa. "Abin da ke juya shi ba ya wuce toka, ko sabulu, ko kanwa. Da akwai ɗaya a kusa, da mun gwada."

Baba ya daɗe yana kallon kwalbar, sannan hannunsa ya shiga aljihu. Ya kwance ƙullin, ya jefa ɗan ɓarɓashi. Koren ya juye shuɗi a gabansa.

"Shekara talatin ina ba raguna ita," ya ce.

"Ga rago magani ce, Baba. Ni ma da ba a koya mini ba, ita zan zuba."

"Ka san ni ne tun kafin ka zo?"

"Na san dai mai son kifin ne."

Baba ya share fuska da bakin riga. "Na zarge ka, kai kuma ka rufa mini asiri. Tashi ka shigo. In ka koma, ka turo magabatanka."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Farfesun da aka ci na tarwaɗar kwamin ne, har Basiru ya sha kwano biyu. Baba ya haɗa hannuwan ango da amarya ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya raba ku da zargin juna."

Kwana biyu da tarewa, saƙo ya shigo daga wayar Inna Hure. Safiyatu ta karanta wa mijinta tana dariya, idonta ya cika: "Babanki ya ce a gaya wa Likita shi da kansa ya ɗiga da safe, yau ma kore ne."