Muryar Hajja a Kontrola ta Biyu

Ƙafafun Nafiou, mai gyaran kwamfuta, Zulaikha ta fara gani, don rabin jikinsa na ƙarƙashin tebur a ofishin ƙungiyar unguwarsu a Paris-Congo. Ya fito da saƙar gizo a hula.

"Don Allah, wa ya haɗa muku serveur ɗin nan, babbar kwamfutar taku?"

"Ɗan baffana, Fa'iz."

"Allah ya yafe masa."

Ta yi niyyar ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Shi ke nan, an gama da ita, ya shiga ranta.

Injin ɗaya ne, amma an raba cikinsa ya zama kwamfutoci uku: ta rajista, ta islamiyya, da ta tarihi. A ta tarihin aka zuba takardun kakannin da suka kamo hanyar Makka suka yada zango a nan, har da muryar marigayiya Hajja Talatu, kakar Zulaikha. Asalin kaset ɗin muryar ambaliya ta cinye shi a unguwar Toukra.

Nafiou ya nuna mata. Kowane diski yana da abokin tagwaicinsa mai ɗauke da kwafinsa, amma cikin kontrola biyu, na'urorin da ke sarrafa diskokin, Fa'iz ya jingina su duka a kan ɗaya, ta biyun tana zaman banza. Da izinin shugaban ƙungiya ya raba su, kowane diski a nan, ɗan'uwansa a can. Aikin kwana biyu ne, ya ja shi har mako uku, kuma kowa ya san dalili.

"Baƙona, ka ci abinci?" take rubuta masa.

"Na ga saƙonki, Zulai tawa, na ƙoshi."

Mahaifinta, Malam Waliyyullahi, bai ga abin sha'awa ba. "Ɗan Maraɗi? Yau yana nan, gobe ya hau mota da 'yata. Ga Fa'iz a gida." Ta so ta tuna masa cewa kakansa ma wucewa ya zo yi, amma ta fasa.

Cikin zafin Afrilu kontrola ta farko ta ƙone, injin ya ɗauke. Fa'iz bai zame ko'ina ba sai zauren Malam: tun da baƙon nan ya taɓa injin ai dama, in ji shi. Malam ya kira Zulaikha.

"In muryar uwata ta tafi, kada baƙon nan ya sake tako ƙofata."

Ta shige ɗaki tana kuka, ta rubuta: "Baƙona, gaya min gaskiya. Tana nan?"

"Tagwayen suna kan ta biyu. Amma diskin da take ciki ya tsufa, fitilarsa ta koma rawaya. Ina kwashewa zuwa sabo. Ko ya kai ko bai kai ba, ba a hannuna yake ba. Ki yi addu'a."

Bayan azahar suka taru a ofishin. Babu abin taɓawa, babu abin gyarawa, sai lambar kwashewar tana rarrafe a allo. A kashi sittin da ɗaya ta tsaya cak. Diskin ya riƙa ƙas-ƙas. Zulaikha ta dubi Nafiou, ta ga hannayensa a cinya, shi da ya iya komai. Tsoro ya kama ta sosai, ta ji da ma ba ta taɓa son kowa ba.

Malam ya ce, ba tare da ya dubi Nafiou ba, "Me ya sa ka raba su?"

"Baba, don in ɗaya ta faɗi, ɗayar ta riƙe."

Sittin da biyu. Wajen la'asar ta cika ɗari.

Nafiou ya danna, murya ta fito, tsohuwa, da ɗan tari: "Babanmu bai taɓa ɗora mu kan jaki ɗaya ba. Ni da rabin gero a nan, ƙanena da rabin a can. Da jakin farko ya faɗi kafin garin Kousseri..."

Malam ya rufe fuska da hannun riga. Ya daɗe haka. Fa'iz ya sulale waje.

"Yaro," ya ce daga baya, "ka ce wa manyanka su zo."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure, aka kai amarya unguwar Atrone. Da Malam zai sallame su ya kunna musu ƙarshen muryar a wayarsa, inda Hajja ke cewa, "Allah ya yi muku albarka, ku da waɗanda ban gani ba."

Nafiou ne ya fara cewa amin.